Zomon Gida Ba Ɗan Daji Ba Ne

Wani zai yi dariya ya ce, duk matsalolin da suka dame mu, sai maganar zomo? To, a yi mini haƙuri, abin da ya same ni ne ya sa na ɗauki alƙalami.

A shekarar 2023 iyayena suka tashi daga Ibadan zuwa Legas. Mai sabon gidan ya ce bai yarda da kowace dabba ba. Ina da zomo fari da na yi shekara uku ina kiwo. Wani maƙwabcinmu ya ce in kai shi bayan gari in sake shi, wai ai daji ne gidan ubansa. Saura kaɗan in bi shawararsa. A nawa ra'ayi, da na yi haka, da na kashe shi ne ina ganin na tausaya masa.

Na lura cewa harshe ma yana ruɗar mu a nan. Bahaushe yana kiran na gida da na daji duka zomo, alhali dabbobi biyu ne daban. Wanda ake cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu, na daji ne. Ana haihuwarsa da gashi, ido buɗe. Na gida kuwa asalinsa daga Sifen da Fotugal ne. Ana haihuwarsa tsirara, kuma sai bayan kamar kwana 10 yake buɗe ido. Zomon da ya saba a kawo masa dusa da harawa da ganyen dankali bai san yadda zai tsere wa kare ko shaho ba. Farin gashinsa ma kaɗai ya isa ya tona masa asiri.

Saboda haka, mai tashi daga gida hanya biyu ce a gabansa. Ta farko, ya tafi da zomonsa cikin kula. Zomo ba ya iya yin gumi kamar mutum, ta kunnuwa yake rage zafin jiki, kuma zafin da ya wuce digiri 30 yana iya halaka shi. A yi tafiya da sassafe, a sa shi cikin kwando mai iska, kada a jefa shi a but ɗin mota, kada kuma a ɗaga shi ta kunne. In an isa, a ci gaba da ba shi abincin da ya saba. Zomon da ya yini bai ci komai ba yana cikin haɗari, sai a nemi likitan dabbobi.

Ta biyu, ya nemo masa sabon ubangida tun da wuri, ba ranar da motar kaya ta tsaya a ƙofa ba. A je a ga wurin da ido. A gaya wa mutumin gaskiya cewa zomo yana iya kai shekara 8 ko fiye, kuma in an haɗa namiji da mace, cikin kamar kwana 31 za ta haihu. A kuma tambaye shi ƙarara: kiwo zai yi ko farfesu?

Na san wani zai ce a ƙasarmu zomo nama ne, ba aboki ba. Ban musa ba. Wanda ya yanka zomonsa ya ci, ya fi mini wanda ya yar da shi a juji yunwa ta kashe shi. Abin da nake ƙi shi ne sakaci da ake yi wa laƙabi da tausayi.

Ni dai na bar nawa wurin wata ƙanwar mahaifiyata, tare da kejinsa da buhun dusa. Duk hutu nakan je in gan shi. Dabbar da ka ɗauko da hannunka amana ce, kuma sauya gida ba ya sauke amana. Allah ya sa mu gane.