Lissafin kuɗi a jami'a: wane iri ne ƙasashen sefa suke buƙata?

Ɗalibin da ya ci bakaloriya a fannin lissafi a Yamai, Damagaram ko Garwa yakan ji shawara iri biyu: ko ya zama malamin makaranta, ko ya nemi aikin injiniya. A ƴan shekarun nan an samu hanya ta uku da matasa ke ambato, wato lissafin harkokin kuɗi, fannin da ya haɗa ƙididdiga, ilimin auna yiwuwar aukuwar abu, da tsara manhajar kwamfuta domin gano darajar bashi, hannun jari ko inshora. Fannin yana da amfani ga yankin, amma ba a sigar da aka fi koyar da shi a Turai ba.

Asalinsa daga Faransa ne. A 1900 Louis Bachelier ya gabatar da kundin digirinsa a Paris kan yadda farashi ke hawa da sauka a kasuwar hannun jari. A 1973 Fischer Black da Myron Scholes suka fitar da ƙa'idar da ake ƙiyasta farashin wata irin yarjejeniya da ita, wadda ke ba mutum damar sayen haja nan gaba a kan farashin da aka tsayar yau. A kan wannan ƙa'ida aka gina akasarin darussan manyan makarantun Paris da Landan, kuma bankunan can ne ke ɗaukar waɗanda suka kammala.

Kasuwannin yankin sefa ba su da wannan siffa. BRVM ta Abijan, wadda ta fara aiki a 1998 domin ƙasashe 8 na UEMOA, kamfanonin da ke cikinta ba su kai 50 ba. BVMAC ta Duwala, wadda Kamaru da Cadi ke ciki, ta fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Inda kuɗi ke juyawa da gaske shi ne kasuwar takardun bashin gwamnatoci, wadda hukumar UMOA-Titres ke shirya gwanjonta tun bayan kafa ta a 2013.

A nan lissafin yake da tasiri kai tsaye a kan aljihun talaka. A ɗauki misalin takardar bashi ta sefa 10,000, mai wa'adin shekara 3, da kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100. Idan bankuna suka ƙi sayenta sai a kan sefa 9,000, gwamnati za ta karɓi 9,000, ta biya 600 kowace shekara, sannan ta mayar da 10,000 cif a ƙarshe. Ainihin tsadar bashin ta kai kusan kashi 10 cikin 100, duk da cewa 6 aka rubuta a sanarwa. Ma'aikacin baitulmali da ya iya wannan lissafi shi ne zai iya ba minista shawarar ko a karɓi tayin, ko a rage yawan bashin, ko a sauya wa'adinsa.

Nijar ta ga muhimmancin wannan kasuwa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Takunkumin CEDEAO da UEMOA ya rufe mata ƙofar ranto kuɗi, basussukan da wa'adinsu ya cika suka taru, kuma sai bayan ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 ta sake komawa kasuwar. A Senegal kuwa, rahoton kotun binciken kuɗin gwamnati na Fabrairun 2025 ya nuna cewa bashin ƙasar a ƙarshen 2023 ya kusa kashi 100 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara, alhali kusan kashi 74 aka sanar a baya. Matsalar Senegal ta gaskiya da riƙon amana ce, amma waɗanda suka iya bin diddigin alƙaluma ne suka bankaɗo ta.

Fage na biyu shi ne inshora. Ƙasashen da ke ƙarƙashin yarjejeniyar CIMA, wadda aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, suna wajabta wa kamfanoni su ware kuɗin biyan diyyar da za ta taso nan gaba, kuma ƙiyasta wannan kuɗi aikin masana lissafi ne. Haka inshorar fari. Hukumar ARC ta Tarayyar Afirka tana amfani da bayanan ruwan sama daga tauraron ɗan adam wajen yanke lokacin da za a biya ƙasa. A farkon 2015 ta biya Senegal, Muritaniya da Nijar kimanin dalar Amurka miliyan 26 bayan damina ta gaza, Nijar ta samu kusan miliyan 3 da rabi. Gwamnatin da ba ta da ƙwararrun da za su duba ma'aunin da aka gina yarjejeniyar a kansa tana iya biyan kuɗin inshora, fari ya zo, ma'aunin ya ce babu diyya.

Iyaye da dama suna ɗari-ɗari da fannin saboda batun riba. Damuwar tana da tushe, sai dai hada-hadar kuɗi ta Musulunci ma ba ta tafiya sai da lissafi. Senegal ta fitar da sukuk na sefa biliyan 100 a 2014, Cote d'Ivoire ta biyo baya da biliyan 150 a 2015, kuma a 2018 babban bankin BCEAO ya fitar da ƙa'idojin wannan sashe. Tsara kuɗin hayar da ake biyan masu sukuk, ko gudummawar da ƴan asusun takaful za su bayar, yana buƙatar ilimi iri ɗaya.

Wuraren koyo suna nan a yankin: ENSEA a Abijan, ENSAE a Dakar da ISSEA a Yawunde suna horar da masana ƙididdiga ta hanyar jarrabawar shiga mai tsauri, IIA a Yawunde tana koyar da inshora, COFEB da CESAG a Dakar kuma harkar banki. Giɓin yana matakin lisansi. A Jami'ar Abdou Moumouni, kamar a yawancin jami'o'in da suka gaji tsarin Faransa, lissafi yana tsangayar kimiyya, tattalin arziki yana wata tsangayar daban. Ɗalibin farko yakan fita bai taɓa karanta takardar bashi ba, na biyu kuma lissafinsa bai kai ya ci jarrabawar waɗancan makarantu cikin sauƙi ba. Darussan haɗin gwiwa tsakanin tsangayoyin biyu, da aka gina kan alƙaluman da BCEAO da UMOA-Titres ke wallafawa kyauta, ba sa buƙatar sabon gini.

Akwai kuma darasin 2008, lokacin da ƙa'idojin lissafi da aka amince da su fiye da kima suka taimaka wajen rushewar bankuna a Amurka da Turai. A yankin da bayanai ba su da yawa, kuma takunkumi ɗaya ke iya rufe kasuwa cikin kwana guda, ɗalibi yana buƙatar sanin inda ƙa'ida ke daina aiki.

Mali, Burkina Faso da Nijar sun fice daga CEDEAO a Janairun 2025, sun kuma sanar da kafa bankin zuba jari na ƙawancen AES, ko da yake suna cikin UEMOA har yanzu. Duk inda muhawarar sabon kuɗi ta nufa, za a buƙaci waɗanda za su ƙiyasta ajiyar kuɗin waje, farashin bashi da haɗarin canji. Horar da irin wannan ƙwararre yana ɗaukar aƙalla shekara 5 bayan bakaloriya, don haka ɗaliban da za su yi aikin su ne waɗanda ke zaɓen fanni a bana.