RA'AYI: Akushi zai iya dawowa kasuwa, amma kada injin juya itace ya cinye gonakin Gidan Rumji

A ƙauyukan Gidan Rumji da Agye da Gazawa har gobe akwai gidajen da idan aka yi babban baƙo, ba a kwanon silba ake kai masa tuwo ba, tsohon baƙin akushi ake saukowa da shi. Mai gida ya san dalili: tuwo yana daɗewa da ɗumi a cikinsa, kuma kwanon da ya ga kakanni yana da kwarjinin da roba ba ta da shi. Sai dai duk wanda ke zaga kasuwannin mako na jihar Maradi ya ga yadda layin masassaƙa ke ƙanƙancewa. Turmi da taɓarya da ƙotar fartanya suna nan suna tafiya, domin babu abin da ya maye gurbinsu. Akushi kuwa roba da silba da tangaran sun kore shi tun da daɗewa, 'ya'yan masassaƙa da yawa kuma sun ajiye gizago sun nufi Maradi, ko Kano, ko Agadas, ko Libiya.

A nawa ganin, sana'ar ba ta mutu ba, kayan aikinta ne suka tsufa. Injin juya itace zai iya dawo da ita, ya kuma ba matasa abin yi a gida. Amma idan aka kawo injin ba tare da sharaɗi kan inda za a samo itacen ba, to cikin 'yan shekaru zai rusa aikin da manoman wannan yanki suka shafe shekara arba'in suna yi.

Ga wanda bai taɓa ganin injin ba, aikinsa ba wani sihiri ba ne. Ana ɗaure guntun itace a bakinsa, injin ya riƙa juya shi, mai aiki ya kafa kaifin ƙarfe a kan madogara ya riƙa fere shi a hankali har ya zama kwano ko faranti. Abin da masassaƙi zai kwana biyu yana raraka da gizago, injin zai fitar da shi cikin sa'o'i, da'irarsa daidai, bakinsa sumul. Kuma yana fito da wani abu da akushin gargajiya ke ɓoyewa, wato zanen da Allah Ya yi a cikin itacen. Mu mun saba a ƙona akushi ya yi baƙi a shafe shi da mai. A Turai da Amurka da Japan kuwa, wannan zanen shi ake saye, faranti mai zane mai kyau ya ninka na itace fili kuɗi.

A nan ne sa'ar take. Zanen da ya fi kyau ba a miƙaƙƙen gungume yake ba. Yana wurin da reshe ya rabu da uwar itace, da ƙululun da ke fitowa a jikin bishiya, da kututturen da ke dab da saiwa, inda jijiyoyin itacen suka murɗe suka sarƙe. Waɗannan su ne sassan da kafinta ba ya so, mai faskare ma yana tsaki idan ya ci karo da su, daga ƙarshe sai su tafi murhu ko ramin gawayi. Guntun kiryar da za a ƙona a sayar da gawayinsa 'yan daloli, shi ne zai iya zama farantin da za a yi cinikinsa da jikkuna. Maɗaci yana da ja mai sheƙi, kirya tana da duhu da nauyi, aduwa tana da rawaya mai haske, danya kuma da ma ita masassaƙa suka sani wajen akushi saboda sauƙin aikinta.

To me ya sa nake tsoro? Saboda itatuwan da ke tsaye yau a gonakin Maradi ba da kansu suka tsaya ba. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, yankin ya kusa zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku. A 1983 ne Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya da ke aiki da ƙungiyar SIM a Maradi, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace bazara tohon tsofaffin kututture ne masu saiwa a raye. Maimakon a sare su duka, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su su girma. Manoma suka karɓa suka sa wa abin suna sassaben zamani. A ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye har kwamitocin sa ido aka kafa, maza da mata da makiyaya, don kada wani ya shiga gonar wani da gatari. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin kadada miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200, kuma a 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Sai dai akasarin abin da ya dawo gawo ne da kalgo da sabara da aduwa, masu saurin toho. Kirya da maɗaci da kanya, waɗanda mai injin zai fi kwaɗayi, suna ɗaukar shekaru masu yawa kafin su yi kauri, kuma da ma maƙera da masu gawayi da masu turmi suna rububinsu. Ga kuma ƙarin jama'a: tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako gundumar Gidan Rumji, kowane gida kuma sai ya hura wuta. Idan a kan wannan aka ƙara injuna ashirin da ke neman gungume kullum, lissafin ba zai fita ba.

Ba sai mun je nesa neman darasi ba. Maƙwabtanmu a Nijeriya sun ga abin da ya faru da madobiya, wadda 'yan katako a Taraba ke kira madrid. Da kasuwar China ta buɗe mata baki, cikin 'yan shekaru aka share dazuzzuka, tireloli suna kwasa zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. A 2017 yarjejeniyar CITES ta sa itacen cikin jerin waɗanda sai da izini ake fitar da su, a 2018 kuma aka dakatar da Nijeriya daga cinikinsa. Kuɗin ya tafi aljihun dillalai, ƙauyawa suka tashi da kututture. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada.

Saboda haka sharaɗin da nake kira a kafa mai sauƙi ne: mai injin ba ya sayen itacen da aka kayar dominsa. Ya yi aiki da wanda iska ta tuge, da wanda ya bushe a tsaye, da manyan rassan da manomi ya rage lokacin gyaran gona, da kututturen da aka tono wurin aikin hanya ko gini. Ya saya kai tsaye daga hannun mai gona, da shaidar kwamitin ƙauye da ta ma'aikatan gandun daji. Doka ba ta hana wannan ba, hasali ma ta share masa hanya. Bayan dokar gandun daji ta 2004, gwamnati ta fitar da ƙudurin Yulin 2020 kan sassaben zamani, wanda ya tabbatar wa manomi haƙƙin cin moriyar itacen da ya raina a gonarsa. Ranar da manomi ya ga cewa reshe ɗaya na maɗaci ya kawo masa kuɗin buhun hatsi, ba sai an roƙe shi ya bar sabon tsiro ya girma ba.

Akwai masu cewa injin zai ƙarasa kashe tsofaffin masassaƙa. Ni ina ganin akasin haka, domin matashin da ya koyi injin a birni bai san itace ba. Masassaƙi ne ya san wanda ke tsagewa da wanda gara ba ta ci, ya san wanda ɗacinsa ke shiga abinci. Kuma aikin yana buƙatar haƙurin da aka san su da shi. Ba a gama faranti a rana ɗaya daga ɗanyen itace. Ana fere shi da kauri, kimanin kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa, a guji tsakiyar gungumen domin daga nan tsaga ke farawa, a shafe shi da kaki a ajiye a inuwa cikin ɓawon sassaƙa na watanni, sa'an nan a mayar da shi kan injin a daidaita. Wanda ya yi gaggawa, iskar hunturu za ta fasa masa kaya a dare ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani, sai dai a haɗa tsoho da yaro a rumfa guda.

Wasu kuma za su ce ina wutar? Tambaya ce mai kyau, musamman ga mutanen da suka sha duhu bayan Nijeriya ta katse wa Nijar lantarki a Agustan 2023. Amma masu aikin itace a kasuwar Marrakesh ta Maroko har yau suna juya ƙananan kaya da baka da igiya, a Turai ma an yi ƙarnoni ana fere kwanoni da injin da ake takawa da ƙafa. Masu walda na Maradi da ke haɗa injin niƙa da amalanke ba za su kasa haɗa wannan ba, ko da ƙaramin moto da faifan hasken rana. Abin da ba a wasa da shi shi ne kariya: babban faranti a hankali ake juya shi, da abin rufe fuska da na hanci, domin guntun da ya kuɓuce daga injin makami ne.

Batun kasuwa kuma, kada mu yaudari kanmu cewa akushi zai yi gogayya da roba a farashi. Wurinsa kayan ɗakin amarya ne, da gidajen abinci na Yamai da Kano da Abuja da ke neman kawo tuwo cikin mutunci, da kyautar girmamawa, da baje kolin SAFEM a Yamai da SIAO a Wagadugu. A nan 'yan uwanmu mazauna waje suke da rawa biyu. Ta farko, wanda ke aiko wa ƙanensa kuɗin sayen babur na kabu-kabu ya yi tunanin injin da ƙarafan fira da kuɗin koyo na wata shida. Ta biyu, su ne masu saye na farko, su ne kuma za su iya tambaya kafin su biya: daga wace gona wannan itacen ya fito? Idan aka saba ƙona sunan itacen da na ƙauyen a gindin kowane faranti, mai saye ya san abin da ya riƙe, mai sarar dare kuma ya rasa kasuwa.

Magadan gari na Gidan Rumji da Tibiri da Chadakori da Agye da Gazawa, da sarakunan sassaƙa, da cibiyoyin koyon sana'a, su zauna su tsara wannan tun injunan ba su yi yawa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan aka bari sai dillalai sun riga kwamitocin ƙauye isa gindin kirya, to za mu sami faranti masu kyau na shekara biyar, sa'an nan iska ta dawo ta binne gero.