Darasin Girki a Makarantun Batsari da Safana

A shekarar 2014 aka fara aiki da gyararren tsarin karatu na firamare da ƙaramar sakandare, aka rage yawan darussa. A nan ne aka gama tattalin gida da aikin gona wuri guda, suka zama darasi ɗaya na share fagen sana'a. Niyyar kyakkyawa ce, gama kaya sun yi wa yara yawa. Amma fa darussan biyu sai suka koma raba lokaci, kuma girki ne ya fi cutuwa, don ba a koyonsa a kan allo.

To, a dubi Batsari, ƙasar da ta yi suna wajen rogo. Yarinya ta haddace sunayen abinci masu gina jiki, ta ci jarrabawa, alhali ba wanda ya nuna mata cewa rogo mai ɗaci yana da dafi, sai an fere, an jiƙa, an shanya kafin a ci. Haka kuma ba a nuna mata yadda za ta ƙara gyaɗa ko waken suya a kokon gero na yaye ba. Wannan kuwa batun ran jariri ne.

Malamai kan ce babu kayan aiki, kuma fitinar ɓarayin dajin Rugu ta tarwatsa makarantu da yawa a Safana da Batsari. Gaskiya ne. Duk da haka, inda makaranta ke buɗe, murhu, tukunya, itace da ruwa sun isa a fara. Lalle shugabannin makarantu su haɗa darasi biyu a jere, rana ɗaya kowane mako, don tukunya ta samu nuna kafin a kaɗa ƙararrawa.