Me Ya Sa Muke Tafa Wa Ɗan Sandan Fim?

Yau so nake in ɗan taɓo wani abu da ya daɗe yana cina a rai, wato irin son da mu samari muke yi wa finafinan 'yan sanda, musamman masu dattin nan da za ka ga ɗan sanda bai yi aski ba, bai yi barci ba, matarsa ta yi yaji, ga ogansa na neman hanyar korarsa, shi kuma ya nace sai ya kamo mai laifi.

Ni dai a Agege aka haife ni, Baba kuma albasa yake saukewa a kasuwar Mile 12. Tun ina firamare akwai wani ɗaki a layinmu da yayyenmu ke taruwa bayan isha'i, a yi karo-karo a zuba wa janareta mai, a saka faifan nan mai fim kusan ashirin a ciki da ake sarowa daga Alaba. Turancinmu bai taka kara ya karya ba, amma ba ma neman tafinta kafin mu gane akta mu gane bos. Yanzu faifai ya ja baya, sai dai a tura maka a waya, amma har gobe in aka ce fim ɗin ɗan sanda ne, ɗaki cika yake yi.

Wasu za su ce harbe-harbe da gudun mota ne ke jan mu. Akwai wannan, ba na musu. Amma ni a ganina babban dalili shi ne kowa a ɗakin nan yana da labarin shingen hanya. Motar albasa in ta taso daga Aliero, direba sai ya ware canji na musamman don na goro kafin ya iso Legas, kuma duk a kan buhu ake ɗora kuɗin. To mai karatu, yaron da ya tashi yana jin wannan lissafi a bakin mahaifinsa, ranar da ya ga ɗan sandan da aka miƙa wa kuɗi ya ce a'a, yaya ba zai miƙe tsaye ba?

Shi ya sa Zanjeer na 1973 bai tsufa a wajen iyayenmu ba, inda Amitabh Bachchan ya fito a sufeton da ba ya lanƙwasuwa. A shekarar ce kuma Al Pacino ya yi Serpico, wanda labarin gaske ne. Frank Serpico ɗan sandan birnin New York ne da ya ƙi karɓar kasonsa na cin hanci, ya tona asirin abokan aikinsa. A 1971 aka harbe shi a fuska wajen kamen masu ƙwaya, Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi ya ba da shaida a gaban kwamitin bincike. Irin wannan mutum muke nema a hanya ba mu samu ba, sai mu same shi a akwatin talabijin.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Ba mai gaskiya kaɗai muke tafa wa ba. Na tuna daren da muka kalli Training Day na 2001, wanda Denzel Washington ya ci kyautar Oska da shi. A ciki ya fito a Alonzo, ɗan sandan Los Angeles mai sata da kisa da sunan aiki. Wallahi ɗakin nan kaf Alonzo muke so, har ana kwaikwayon tafiyarsa, shi kuwa sabon yaron da ya ƙi karɓar kuɗin sai muka riƙa ce masa sakarai. Haka in Clint Eastwood ya taka mai laifi a Dirty Harry, sai ka ji ana cewa ƙara masa! Wa ke da lokacin kotu?

Ni ma haka nake faɗa, har ranar da jiki ya gaya mini. Wata rana na yi dare daga kasuwa, aka yi kamen kan mai uwa da wabi a tasha, aka cusa mu a mota. Ina ƙoƙarin nuna katin shaida sai jin mari na yi, aka karɓe wayata ana ta bincike. A bayan kanta na kwana, sai da safe Baba ya zo da wani dattijon unguwarmu aka sake ni, ba kuma a banza ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne fuskar wanda ya mare ni. Babu alamar yana ganin zalunci yake yi. A ransa shi ne akta, ni ne bos.

Kun ga bambancin ke nan. A fim, kyamara ta riga ta nuna mana wanda ya yi kisan, shi ya sa dukan yake mana daɗi. A titi babu kyamara, sai zato. Shi kuwa zato kan baƙo yake fara sauka, kan mai acaɓa, kan mai tura baro, kan wanda Yarbancinsa ko Turancinsa bai nuna ba. Matasan da suka cika titunan Legas a watan Oktoba na 2020 har aka sanar da rushe rundunar SARS, ai ɗan sanda irin Alonzo suke kuka da shi.

Masu yin finafinan ma sun san da haka. Gangaajal na 2003, wanda Ajay Devgn ya fito, an ɗauko shi ne daga abin da ya faru a Bhagalpur ta jihar Bihar tsakanin 1979 da 1980, inda 'yan sanda suka zuba wa mutum 31 da ke tsare ruwan batir a ido suka makantar da su. A fim ɗin jama'ar gari murna suka yi, suka ɗauki abin suna yi da kansu, jarumin kuwa shi ne ya tsaya ya tare su. Mu dai mun kalla, amma wajen faɗan muke maimaitawa.

Ba cewa nake a daina kallo ba, ni ma jiya na kalli ɗaya. Suna ma da wani amfani, don su ne suka fara nuna mini cewa ɗan sanda ma mutum ne mai kuɗin haya da kuɗin makaranta a kansa. Roƙona ga 'yan uwana samari shi ne, in akta ya ɗaga hannu zai mari wanda ke cikin ankwa, kafin ka tafa ka tambayi kanka, in da a tashar unguwarku ne, kai a ina kake a cikin biyun nan?

Allah ya haɗa mu da masu gaskiya a hanya, ya raba mu da sharrin zato. Sai wani jiƙon.