Dashe Ba Shi Ne Ƙarshen Jinya Ba

Ranar 3 ga Disamba, 1967, Dakta Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a duniya, a ƙasar Afirka ta Kudu. Zuciyar ta kama aiki, amma bayan kwana 18 majinyacin ya rasu. Ciwon huhu ne ya yi ajalinsa, domin magungunan da aka ba shi sun karya garkuwar jikinsa.

Me ya sa aka ba shi su? Jikin ɗan Adam ba ya yarda da baƙo. Da zarar an dasa masa zuciya ko ƙodar wani, sai fararen ƙwayoyin jini su far mata. Saboda haka tilas mutum ya riƙa shan maganin danne garkuwa muddin ransa, kamar cyclosporine, wanda ya bazu daga 1983, ko tacrolimus da ya biyo bayansa.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Waɗannan magunguna biyu kan iya lahanta cikin ƙananan jijiyoyin jini. Sai ƙwayoyin nan masu toshe rauni su taru a wurin, jini ya daskare, gudansa ya toshe hanya. Prednisolone ma yana ƙara saurin daskarewar jini. Shi kuwa azathioprine yakan rage ƙwayoyin tun daga ɓargo, har jini ya ƙi tsayawa.

Kada mai karatu ya ɗauka zancen na Turai ne. Tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma irin magungunan nan ake sha. A ganina, babban haɗarin yana jiran majinyaci ne bayan ya dawo gida Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu, inda ɗan ciwon baya kan sa a aika yaro kemis. Diclofenac yana cutar da ƙoda, yana kuma jawo zubar jini a ciki. Rifampicin na tarin fuka yana rage ƙarfin tacrolimus, har jiki ya ƙi dashen. Jiƙo kuwa, ba wanda ya auna abin da ke cikinsa.

Ɗalibai, ku ake miƙa wa kwalin magani a gida ku karanta. Kada ku bari a ba mai dashe ko ƙwaya ɗaya sai da sanin likitansa. Idan ƙafarsa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya sarƙe masa farat ɗaya, ko dasashinsa na jini, a garzaya da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, a kuma tafi da takardar magungunansa.