Mai Jarraba na Huɗu: Dalilin Karanta Wasan Eliot da Idon Bahaushe

Sau da yawa ɗalibin da ya taso daga Matameye ko Kance, ya shiga jami'a a Damagaram ko Yamai, yakan yamutsa fuska in aka ambaci wasan kwaikwayon T. S. Eliot mai suna Murder in the Cathedral, wato kisa a babbar majami'a. Hujjarsa ita ce ina ruwan Musulmi Bahaushe da mutuwar limamin Kirista a Ingila ƙarni takwas da suka shige? Tambayar ta cancanci amsa, kuma amsar ita ce wasan ya dace da ajin ilimin harsuna, musamman in an ɗora wa ɗalibai aikin fassara shi zuwa Hausa.

An fara nuna wasan a garin Kantabari a 1935. Labarin Thomas Becket ne, babban limamin garin, wanda ya saɓa da Sarki Henry na Biyu a kan iyakar ikon fada bisa majami'a, ya yi hijira zuwa Faransa a 1164, ya komo a Disamban 1170, sannan barade huɗu na sarki suka kashe shi a cikin majami'a ranar 29 ga watan. Kafin kisan, Eliot ya kawo masu jarraba huɗu. Na farko ya kwaɗaita masa daɗin duniya, na biyu muƙamin da ya taɓa riƙewa a fada, na uku ƙawance da manyan ƙasa don karya sarki. Duk ya kore su ba wuya. Na huɗu ne ya girgiza shi, domin shi da shahada ya zo: ya nuna masa ɗaukakar da ke jiran wanda aka kashe saboda addini, da masu ziyarar kabarinsa bayan sarakuna sun shuɗe.

Duk wanda ya yi karatun zaure zai gane wannan baƙo nan take. Sunansa riya. Hadisin da Muslim ya ruwaito game da mutanen farko da za a yi wa hisabi ya haɗa da wanda aka kashe a fagen yaƙi, alhali burinsa a ce jarumi ne. Waƙoƙin wa'azi na zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u cike suke da gargaɗi a kan aikin da niyya ta ɓata. Saboda haka, abin da kan ɗaure wa mai karatu na wata nahiya kai, ɗalibin Matameye ya zo da mabuɗinsa tun daga gida.

Ribar masanin harshe kuwa tana cikin fassara. Kalma ɗaya ta Ingilishi da wasan ya ginu a kanta takan rabu kashi-kashi a Hausa: gwaji, jarraba, fitina, waswasi. Gwaji yana iya zuwa daga Ubangiji, waswasi aikin Shaiɗan ne a cikin zuciya, jaraba kuma a bakin jama'a ta koma kwaɗayin da mutum ya kasa bari. Wace ce ta dace da mai jarraba na farko, wace ce ta dace da na huɗu, wanda ke maimaita wa Becket tunaninsa na ɓoye? Wannan darasi ne na ilimin ma'ana wanda ba a samunsa a allo. Haka nan shahada: asalin kalmar Girkanci da Turawa ke kiran shahidi da ita yana nufin mai ba da shaida, kamar yadda shaida da shahada suka fito daga saiwa ɗaya ta Larabci. Masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, sun yi fama da irin wannan zaɓi, kuma kwatanta zaɓinsu da na malaman tafsiri aikin kundin digiri ne sukutum.

Akwai kuma batun kari. Waƙar Ingilishi ta dogara da ƙarfin furucin gaɓa, rubutacciyar waƙar Hausa kuwa da nauyin gaɓa take auna baiti. Matan Kantabari da ke amshi a wasan za su fi zama daidai a salon waƙar baka, ta jagora da ƴan amshi. Sannan Eliot ya bar waƙa ya koma zube a wuri biyu: huɗubar Becket ta safiyar Kirsimeti, da jawabin barade lokacin da suke wanke kansu gaban ƴan kallo da harshen ƴan siyasa. Mai fassara sai ya nemo Hausar mumbari da Hausar taron gangami.

Masu cewa a fara da na gida suna da gaskiya. Tanimoune na André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, ya fi cancantar zama a gaba, shi ma kuwa nazarin mulki ne. Amma fifita na gida bai wajabta rufe ƙofa ba. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, nauyin da ke kanta ya ƙaru: dole ta iya ɗaukar tunanin da ba a cikinta aka haife shi ba.

Wani dalilin ya fi wannan zafi. A Janairun 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, an rasa rayuka. Wanda ya kwana yana neman kalmar Hausa da za ta ɗauki tsoron maƙwabcinsa Kirista da begensa, da wuya ya ɗauke shi baƙo washegari. Karanta wasan ba ya neman kowa ya bar aƙidarsa. Abin da yake nema shi ne mai karatu ya tambayi kansa abin da Becket ya tambayi kansa: wannan kishin addini, don Allah ne ko don a gani?