Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne: magana ga 'yan Lakers

Tun daren 12 ga Mayun 2025, da jijiyar agarar Jayson Tatum ta tsinke a wasa na huɗu da New York Knicks, 'yan Lakers suka mayar da ni abin yi wa ta'aziyya. Wannan ya turo "sai haƙuri", wancan ya ce "Allah ya ji ƙan Celtics". Har wani abokina a ofis, wanda bai taɓa hana idonsa barci ya kalli wasa ɗaya ba, shi ma ya zo yana ce min an gama da mu. Na yi shiru wata da watanni. Da kakar 2025-26 ta ƙarato, bari in faɗi tawa, kowa ya adana rubutun nan: Celtics za ta ɗauki kofi na 19 kafin Lakers ta ɗauki na 18.

Zan fara da ba ku haƙƙinku, don kar a ce son kai ne. A yau duk cikin ƙungiyoyin biyu babu kamar Luka Doncic. A 2025 ya cika shekara 26, kuma kun same shi a watan Fabrairun wannan shekarar a farashin da har gobe mutanen Dallas ba su daina kuka ba: Anthony Davis, Max Christie da zaɓen zagayen farko na 2029. Ya kuma sa hannu a ƙarin kwantiragin shekara uku kan dala miliyan 165. Ga sabon mai gida, Mark Walter, wanda ya saye ƙungiyar a kan ƙimar dala biliyan 10, alhali tamu biliyan 6.1 aka yi mata kuɗi. Duk na yarda. Bana ma mai yiwuwa ku fi mu cin wasanni. Amma ni maganar shekara biyar nake yi, ba ta wata shida ba.

Tambaya ta farko: wa ke kewaye da Luka? LeBron James ya cika 41 a watan Disambar 2025, kuma dala miliyan 52.6 ne albashinsa a kakar 2025-26. Ban raina shi ba, wallahi mutumin abin mamaki ne, amma ba a kafa ginin shekara biyar a kan mai shekara 41. A kakar 2024-25 kun ci wasa 50, kun zo na uku a Yamma, sai Minnesota ta yi waje da ku a zagayen farko, 4 da 1. A wasa na huɗu kocinku JJ Redick bai canja ko mutum ɗaya ba tun da aka dawo hutun rabin lokaci har aka tashi, saboda bai yarda da waɗanda ke zaune a benci ba. A wasa na biyar Rudy Gobert, wanda kuka saba yi wa dariya, ya zuba maki 27, ya cafke ƙwallo 24 a ƙarƙashin kwando, don ba ku da dogon da zai tare shi. Maganin da kuka samo shi ne Deandre Ayton, wanda Portland ta biya shi kuɗi ya tafi, da Marcus Smart, wanda mu muka rabu da shi tun 2023. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma Lukan nan ai mun san shi. Shi muka doke a wasan ƙarshe na 2024, 4 da 1. Duk inda ya tsaya nan Jaylen Brown da su Tatum suke kai hari, saboda tsaro ba aikinsa ba ne, har a wasa na uku aka fitar da shi don laifuffukansa sun cika shida. Ɗan wasa irinsa yana buƙatar matasa masu gudu da tsaro da dogo mai tsalle. Da me za ku sayo su? Zaɓenku na 2027 kun riga kun ba Utah, sai fa idan ya faɗo cikin huɗun farko, na 2029 kuma kun ba Dallas. Mu ma mun ba da namu na 2029, ban ɓoye ba, amma mu kofi muka saya da shi.

Yanzu mu zo kan abin da kuke kira rugujewar Celtics. Gaskiya ne Jrue Holiday ya tafi Portland, Kristaps Porzingis ya tafi Atlanta, Al Horford da Luke Kornet ma sun kama gabansu. To me ya sa? Yarjejeniyar NBA ta 2023 ta kafa wani shinge na biyu a kan albashi, a kakar 2025-26 ya kai wajen dala miliyan 208. Ƙungiyar da ta haura shi ba tara kaɗai za ta biya ba: ba za ta iya haɗa albashin 'yan wasa biyu ta yi musaya da babba ɗaya ba, ba za ta sa tsabar kuɗi a ciniki ba, kuma za a kulle mata zaɓen zagayen farko na shekara bakwai masu zuwa. Da Brad Stevens ya riƙe kowa, albashi da haraji sun doshi dala miliyan 500, a shekarar da babban ɗan wasansa ke jinya. Duk wanda ya taɓa zama a kan kasafin kuɗi ya san wannan ba jarumta ba ce, wauta ce. Ya rage kaya a shekarar da dama ba a sa ran kofi, don hannunsa ya saku ranar da Tatum ya dawo daidai.

Wannan dokar kuma ita ce ta rage wa biliyoyin Walter kaifi. A Dodgers, ƙungiyarsa ta ƙwallon besbol, yana iya zuba kuɗi yadda ya ga dama ya biya tara. A NBA kuɗi ba sa cire maka takunkumi. Shi ya sa daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban suka ɗauki kofi bakwai. Zamanin tara taurari da kuɗi ya wuce, yanzu zamanin iya lissafi ne.

A nan ne tarihin gidajen biyu ya bambanta. A 2013 Celtics ta runtse ido ta sayar wa Brooklyn da Paul Pierce da Kevin Garnett. Magoya baya mun ji zafi, amma daga cinikin nan Brown ya fito a 2016, Tatum a 2017. Kaka ɗaya kawai muka rasa zagayen fitar da gwani, daga 2015 zuwa yau ba mu sake fashi ba, kuma tsakanin 2017 da 2024 sau shida muna kai wasan ƙarshe na Gabas. A wannan 2013 ɗin Lakers ta ba Kobe Bryant, mai shekara 35 da tsinkakkiyar agara, dala miliyan 48.5 na shekara biyu. Kara ce, na sani, amma shekara shida kuka yi a waje, har da kakar da wasa 17 kacal kuka ci. Da kuka ɗauki kofi a 2020 kuma me kuka yi? Kuka watsa tawagar don sunan Russell Westbrook. Caldwell-Pope ya je Denver ya ɗauki kofi a 2023, Alex Caruso ya ɗauka da Oklahoma a 2025, ku kuwa kuka kori Frank Vogel, kuka kori Darvin Ham. Gida ɗaya tsari yake bi, ɗayan suna yake bi.

Za ku ce to idan Tatum bai dawo kamar da ba fa? Wannan ita ce hujjarku mafi ƙarfi, kuma ni ma tana hana ni sukuni. Idan ya dawo rabin mutum, lissafina ya rushe, na amince. Sai dai shekararsa 27 lokacin da ya ji raunin, washegari aka yi masa aiki. Kevin Durant yana da 30 tasa ta tsinke a 2019, ya dawo yana zuba maki kamar ba a yi ba. Ga Brown, gwarzon wasan ƙarshe na 2024, ga Derrick White, ga Payton Pritchard da aka zaɓa gwarzon 'yan benci na 2025, ga koci Joe Mazzulla da ya riga ya san hanyar kofi. Sannan mu a Gabas muke. Ku kafin ku ga wasan ƙarshe sai kun bi ta kan Oklahoma da ta ɗauki kofi a 2025, da Denver ta Jokic, da Houston, da Minnesota, ga Wembanyama yana tasowa a San Antonio.

Sau 12 muka haɗu a wasan ƙarshe, mun ci 9, kun ci 3, saboda haka ba yau muka fara jin cika bakinku ba. Ba caca nake yi ba, alƙawari ne: idan Lakers ta riga mu, zan sa rigarku mai ruwan ɗorawa in ɗauki hoto, in bar shi a shafin nan wata guda cur. Wanda ya yarda da ƙungiyarsa a cikinku ya rubuta irin nasa a ƙasa. Amma don Allah wanda zai yi musu ya zo da hujja, kuma ya kasance cikin masu tashi ƙarfe uku da rabi na dare su kalli wasa har kiran assalatu, ba masu jiran guntun bidiyo da safe ba.